Albasa Ce

Ranar da Mai gyara ya fara ganinta, kuka take yi shaɓe-shaɓe.

Gyaran fanka aka kira shi. Dattijon gidan, wanda duk layin ke kira Baba, shi ya shigo da shi ta ƙofar baya, sai ga su a bakin kicin. Budurwa ce zaune kan ƙaramar kujera, baho cike da albasa a gabanta, wuƙa a hannu, idanu jajur, hanci yana zuba.

Mai gyara ya yi turus da jakar kayan aikinsa. Ya sassauta murya. "Baba, ashe rasuwa aka yi muku?"

Baba ya tuntsire da dariya har da riƙe bango. "Albasa ce, yaro."

Yarinyar ta goge ido da bayan hannu, ta dube shi sama da ƙasa. "Rasuwa aka yi mana. Guda ashirin na kashe tun safe, ga sauran can suna jiran layi."

Ita ce Auta, 'yar ƙarshe a gidan. Abinci take dafa wa ma'aikatan ofisoshi, shinkafa da salak da soyayyen dankali, roba arba'in kafin azahar. Duk yatsunta shaidar wuƙa ce.

Fankar kuwa, aikin minti goma ce. Amma ku ji mini mutum, sai da ya shafe awa guda yana kwancewa yana ɗaurawa, ido ɗaya a kan fanka, ɗaya a ƙofar kicin. A wannan leƙen ne ya hango wani abu a saman kabad, ƙura ta rufe shi.

"Wancan ba injin yanka kayan lambu ba ne?"

"Gawarsa dai," in ji Auta. "Yayata ta aiko mini. Sati biyu ya yi, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya cika."

"Ba ni shi in gani."

Bayan kwana uku ya dawo da shi rungume a ƙirji kamar jariri. Ya ajiye a kan tebur, ya jera faifan wuƙa guda uku: wannan mai yanka siri-siri, wannan mai gurza manya, wannan mai gurza ƙanana. Ya nuna mata yadda ake zaunar da faifan har ya ce ƙas, yadda ake kulle murfin, da robar da ake danna kayan da ita ta bakin injin.

"Da wannan robar za ki riƙa turawa. Yatsanki kada ya wuce nan, ko da wasa."

"To, Injiniya."

Ko takardar injiniya ba shi da ita, amma sunan ya zauna.

Ya sa fulogi, ya danna makunni. Rabin kabeji ya shiga, ya fito kamar zare. Karas ya shiga, ya zubo jawur a kwano. Sai ya ɗauki albasa shida ya tura su ɗaya bayan ɗaya. Kafin yajinsu ya tashi an gama, murfi ya riƙe sauran. Auta ta taɓa idonta, a bushe.

Mai gyara ya daki ƙirji. "Daga yau albasa ba za ta ƙara sa ki kuka ba. Ni na faɗa."

Ku riƙe wannan magana. Shi da ya faɗa bai riƙe ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Sannu da aiki, 'Yar albasa. Yaya majinyacinmu? In ya ƙara tari ki kira ni, ko ina kan tsani zan sauko."

Ta mayar:

"Lafiyarsa lau, Injiniya. Na gama aikin awa uku a rabin awa, yanzu na rasa abin yi. Kai ka jawo, sai ka nemo mini abin da zan yi da sauran lokacin."

Ya karanta wannan saƙo ya fi sau ashirin, har kwastoma ya yi ta sallama a bakin shago bai ji ba.

To, abin mamaki, injin nan ya zama mai laulayi. Duk bayan kwana goma sai ya fara kakkarwa a kan tebur yana ƙara kamar zai tashi sama. Mai gyara ya zo, ya kifa shi, ya tarar noti ɗaya na ƙasan ya ɓace. Ya sa sabo, ya ɗaure tamau. Bayan kwana goma, wani ya ɓace. Ya share ƙarƙashin tebur, ya duba cikin kwandon shara, babu.

"Ban taɓa ganin injin da ke cin notinsa ba," in ji shi.

"Kayan zamani ke nan," in ji Baba, yana kallon silin.

Duk zuwan da zai yi, Baba na nan kan kujerarsa ta roba a bakin kicin. Shi ke riƙe masa tocila, shi ke tara masa tafin hannu ya zuba notuna. In aka gama sai ya ce, "Auta, zuba wa Injiniya abinci," ya tashi wai zai duba ko an kawo ruwa, ya yi ta dubawa har su gama hira.

Mama, mahaifiyar Auta, ita ce ba ta yi na'am ba. In ta ji sallamarsa sai ta ja tsaki ta shige ɗaki.

"Mutum kullum hannu baƙi ƙirin da mai, yana bin gidaje yana tashin matattun kaya," take cewa. "Ga yaron kirki can a bakin titi yana sonki, kin tsaya kan mai sukundireba."

Yaron kirkin nan shi ne Mai shago, wanda ke sayar da sababbin kayan wuta. Turarensa kan riga shi shiga gida, makullin mota kuma ba ya barin yatsansa, ko ruwa zai sha sai ya kaɗa shi. Ya taɓa duban injin Auta ya taɓe baki. "Mama, abin da ya lalace ai jefarwa ake yi."

Baba dai bai cika magana ba. Sau ɗaya ya ce wa matarsa, "Ni na zauna na kalli yaron nan. Kafin ya kwance abu sai ya shimfiɗa takarda ya jera komai, don kada ƙarami ya ɓata. Irin wannan ba ya watsar da mutum."

"Shekara guda yana cin abincinmu," in ji Mama. "Ya taɓa buɗe baki ya ce ga abin da ke kawo shi?"

Nan kam Mama ta fi su gaskiya. Mai gyara gwanin saƙo ne, amma in ya zo gaban Auta da maganar aure a bakinsa, sai ta rikiɗe ta koma maganar faifan gurza. Yana duban hannunsa, ya dubi motar Mai shago, sai zuciyarsa ta ce masa bari sai ya ƙara ƙarfi.

Ana haka wani kamfani a gari mai nisa ya kira shi aiki. Bai amsa ba. Ya yanke a ransa zai je ya faɗa wa Auta. In ta ce kada ya tafi, ko da ido ne, to ya fasa, kuma a satin zai turo manyansa. In bai ga damuwa a fuskarta ba, ya san matsayinsa.

Kuskurensa na farko, da safen ya biya shagon Mai shago sayen wayar wuta, bakinsa ya suɓuce. Kafin ya koma nasa shagon, labari ya isa kunnen Mama, an ƙara masa gishiri: ai ya riga ya sa hannu, ai ranar Asabar zai tafi, ai duk layi an sani.

Mama ta tarar da Auta a kicin ta zazzage mata. "Ga Injiniyanki nan. Jibi zai kama hanya, a bakin titi za ki ji. Da ma can ke abin hira ce."

Da la'asar ya yi sallama. Baba ba ya nan, ya je asibiti karɓar maganinsa, kujerarsa na jingine da bango. Auta na tsaye gaban injin, ta juya baya, tana tura albasa ɗaya bayan ɗaya. Da ta waiwayo, fuskarta jiƙe sharkaf.

Maganar da ya zo da ita ta yi masa nauyi, sai ya nemi wasan da zai fara da shi.

"'Yar albasa, an koma gidan jiya ke nan? Albasa ce kuma?"

Ta dube shi. Da ya lura, da ya ga leɓenta na rawa.

"Eh. Albasa ce."

"Da ma wata magana na zo da ita. An ba ni aiki, amma da nisa."

"Na ji. Allah ya sa alheri."

"Kin ji?" Ya ajiye jakarsa. "To, me kika gani?"

"Me zan gani? Ci gaba ne ai. Ka tafi mana."

Ta juya ta danna makunni. Injin ya cika kicin da ƙara. Ya tsaya yana kallon bayanta, ita tana jira ya kashe injin ya ce mata wani abu, shi yana jira ta waiwayo. Albasa ta ƙare a baho, ba wanda ya motsa. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ranar Asabar, yana cikin mota, saƙo ya shigo:

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya rubuta dogon abu, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Abin da ya tura shi ne:

"Amin, na gode."

Shi ke nan fa. Shekara biyu da wata huɗu, ba "yaya kike", ba "yaya aiki". Mutum biyu masu taurin kai, kowa na rungume da waya yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

A can, gidan yayarsa ya sauka. Aiki ya karɓe shi, ya yi ƙiba, hannunsa ya washe. Yayar ta nuna masa 'yan mata har ta gaji. Kullum yana faɗa wa kansa cewa ai Auta ta daɗe a gidan Mai shago, tana zaune gaban mota. In ya ji ƙamshin albasa a mai sai ya tashi ya bar wurin.

Wata Lahadi da hantsi yayar za ta yi baƙi. Da ma ya saya mata irin injin nan, ta ƙi taɓawa wai tsoro take ji. Ta tura masa kwandon albasa. "Kai da ka san kansa, zo ka yi mini."

Ya zaunar da faifai, ya kulle murfi, ya shiga turawa. Kwando ya ƙare. Yayar ta leƙo, ta dubi kwanon, ta dubi fuskarsa.

"Kai, wannan inji da abin mamaki yake! Kwando guda, ko ɗigon hawaye babu a idonka."

Hannunsa ya tsaya a kan robar turawa.

Ya taɓa idonsa. A bushe.

Sai ga kicin ɗin can ya dawo masa tar: Auta tsaye, injin a gabanta, murfi a kulle, fuska sharkaf. Shi ya gyara injin da hannunsa. Shi ya daki ƙirji ya ce albasa ba za ta ƙara sa ta kuka ba. Shekara guda yana zuwa gidan, bai ƙara ganin hawayenta ba sai ranar. Kuma ya buɗe baki ya tambaye ta wai albasa ce.

Ya zauna a ƙasan kicin daɓas.

"Lafiya?" in ji yayar. "Ka yanke ne?"

"Na yanke, Yaya. Tun shekara biyu, sai yau na ji zafin."

Ya ɗauko wayarsa ya rubuta:

"Auta, ba albasa ba ce. Yau na gane. Injin ba ya sa kuka, ni na faɗa miki da bakina, kuma ni na manta. Ranar nan zuwa na yi ki ce kada in tafi. Ban sa hannu a komai ba sai da na fita daga gidanku. In kin yi aure, ki yafe mini, ki goge wannan. In ba ki yi ba, ki yafe mini duk da haka."

Kwana uku shiru. Bai ci abin kirki ba. Rana ta huɗu amsa ta zo:

"Sai yau, Injiniya? Mutumin da ke jin ciwon inji daga ƙararsa. Ban yi aure ba. Baba ya rasu wata biyar da suka wuce. Ya yi ta tambayarka."

Washegari ya kama hanya.

Gidan na nan yadda ya bar shi, sai dai ya yi shiru. Kujerar roba na bakin kicin, an kife ta. Auta ta rame. Ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu, ba ta yi murmushi ba.

"Ka yi ƙiba."

"Ke kuma kin rame."

"Albasa ce," ta ce. Sai dariya ta kuɓuce mata, dariyar ta juye kuka, shi ma ya kasa riƙe nasa.

Da suka natsu ta ba shi labari. Mai shago ya kawo mata sabon inji fil a kwali, ta mayar masa har da kwalin. Ya yi zarya wata shida, ya gaji, ya auri wata. Tsohon injin kuwa, sati biyu da tafiyar Mai gyara ya fara kakkarwa.

"Baba ya ce in kira ka. Na ce ka yi nisa. Ya ce waya ba ta san nisa ba. Na ƙi. Na je na sayo noti na ɗaura da kaina. Bayan kwana goma wani ya ɓace, ya sake cewa in kira ka. Haka muka yi ta yi da shi har ya kwanta." Ta share ido. "Da na ajiye girman kai na tura maka layi ɗaya, da ya gan ka."

"Da na kashe injin nan na tambaye ki da kyau, da ban tafi ba."

Ana haka Mama ta fito. Mai gyara ya durƙusa ya yi mata gaisuwar rashi, yana jiran tsaki. Ba ta yi ba. Ta zauna, ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta miƙo masa wani gwangwanin madara.

"A ƙarƙashin gadonsa na samu, da muna kwashe kaya."

Ya buɗe. Ƙaramar sukundireba ce, da notuna cike da rabin gwangwani. Ya zuba su a tafin hannu, ya gane su sarai. Waɗansu nasa ne, waɗansu irin na kasuwa da Auta ke sayowa.

"Tsohon nan," in ji Mama, "ashe shi ke lallaɓawa ya kwance, don a kira ka. Ni ina kora, shi yana jawowa. Har bayan ka tafi bai daina ba." Ta ja hanci. "Ni na kai mata maganar Mai shago da zafinta, ban tsaya na tambaya ba. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Ka turo manyanka, ɗana. An ɓata lokaci da yawa."

Mai gyara ya damƙe notunan har suka yi masa shaida a hannu.

Bayan wata biyu aka yi biki. Duk kabeji da karas da albasar da aka ci ranar, tsohon injin nan ne ya yanka, kuma ko sau ɗaya bai yi kakkarwa ba. Wannan shi ya fi ba Auta ciwo. Matan layi suka cika gidan, masu cewa da ma sun san za a yi, alhali su ne suka fi kowa yi wa Mai shago kamfe. Kujerar roba kuwa, an ajiye ta a bakin kicin, duk cikar gidan ba wanda ya zauna a kai.

Da aka kai amarya, jama'a suka watse, ya shigo ya tarar da ita zaune bakin gado, gwangwanin madarar nan a cinyarta, hawaye na bin kumatunta.

Wasan ya zo masa har baki, ya haɗiye shi. Ya zauna kusa da ita, ya karɓi hannunta mai shaidar wuƙa.

"Faɗa mini, Auta. Ina jin ki."

"Da yana nan," ta ce, "da yanzu ya tashi wai zai duba ko an kawo ruwa."

Suka yi dariya, suka yi kuka, har ba a gane wanne ne wanne.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Su kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa in ɗaya ya ga hawaye a idon ɗaya, ya kashe inji ya tambaya.